Alƙalin da Aka Ɗaga wa Nono

An yi wani mutum a nan gabashin ƙasar Sakkwato, alƙali ne na babbar kotu. Sunansa na yanka ba zan faɗa ba, don yana da 'ya'ya, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Amma labarinsa sai na faɗe shi, wanda zai ji haushi ya ji.

Ya 'yan uwa, in an ce mugun alƙali, hankalinku kan tafi ne ga mai karɓar na goro a bayan fage. Wannan bai taɓa karɓar ko sisin kwabo ba. Shi ya sa nake so ku buɗe kunne da kyau.

An haife shi a wani ƙauye na bakin gulbin Rima, ta wajen Goronyo, tun ba a gina madatsar ruwa ba. Mahaifiyarsa ta rasu tun kafin ranar suna. Ubansa malamin allo ne, abin da za a ci yau ma sai an yi da gaske, balle madarar gwangwani. Jariri ya yi ta tsala kuka har muryarsa ta dushe, mata sun kewaye shi suna salati, kowace na cewa wannan ma bin uwarsa zai yi.

A maƙwabta akwai wata matar masunci, ana ce da ita Ma'u, tana goyon ɗanta Yusha'u. Ba wanda ya aika mata. Kukan ne ya hana ta zama, ta shigo ta sunkuci jaririn ta sa shi a nono. Ita ta laƙaba masa Talle, sunan da ake yi wa yaron da uwa ta mutu ta bari.

Haka ta shayar da su biyun har yaye, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Tana bandar kifi, hayaƙi na cin idonta, ga ɗaya a baya, ga ɗaya a cinya. Ta rame har mijinta ya fara faɗa, ta ce masa amanar Allah ce, ba ta iya ajiyewa.

Kun san hukuncin wannan a addininmu. Nono yana ƙulla zumunta kamar yadda jini yake ƙullawa. Ma'u ta zama uwarsa, Yusha'u ya zama ɗan uwansa, ko yana so ko ba ya so.

Da suka tasa, aka kai Talle makarantar boko. Allah ya ba shi kai, ya yi ta wucewa har ya karanta shari'a a jami'a. Yusha'u kuwa ya tsaya gida. Da aka gina madatsa, ya rage shiga ruwa ya kama noman rani, ya samu wata 'yar fadama kusa da hanyar ruwa yana dasa albasa. Bai yi arziki ba, amma ya riƙe iyalinsa da tsohuwarsa, ba ya roƙon kowa.

Talle ya fara da majistare, ya zauna a ƙananan kotuna na wannan yanki, tsakanin Wurno da Rabah. Ba zan zalunce shi ba, da farko ya yi aiki tsakani da Allah. An taɓa kai masa rago gida ana gobe Sallah, ya sa aka mayar wa mai shi da rana tsaka, kowa na gani. Labari ya bazu cewa ga alƙali mai tsabtar hannu.

To, a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Yabon ya shiga kansa. Duk inda ya zauna sai ya buɗe tafin hannu ya ce, wannan hannun bai taɓa karɓa ba. Ya ɗauka iyakar tsoron Allah ke nan, in dai ba ka karɓa ba, to ka gama da hisabi.

Aka yi ta ƙara masa girma har ya kai babbar kotu a birni. Ya sa jar riga da hular gashi, ana ce masa Mai Shari'a, 'yan sanda na sara masa. Ya yi aure a babban gida. Da surukai suka tambayi asali, ya ce shi ɗan gidan malamai ne. Bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye rabin gaskiya, don yana jin kunyar a ce matar masunci ce ta raine shi.

Inna Ma'u ta taɓa zuwa gidansa na birni da ƙunshin bandar kifi a ka. Yana falo da baƙi. Ya aika maigadi ya karɓa a bakin ƙofa, ya ce wa baƙin wata tsohuwa ce ta garinsu. Ta koma gida ba ta ga fuskarsa ba, amma ko da mata suka tambaye ta, cewa ta yi Talle aiki ya yi masa yawa, a dai taya shi da addu'a.

Ya 'yan uwa, me wannan tsohuwa ta yi masa? Warin kifin da yake gudu, ba a cikinsa ya yi rarrafe ba?

A babbar kotu ne ya koyi wata dabara. Ya lura manya ba sa bukatar ka yanke hukuncin ƙarya. Abin da suke so kawai kada ka yanke komai. In talaka ya kawo ƙarar mai ƙarfi, sai a ɗage zama. In ranar ta zo, a ce lauya bai shirya ba. In lauya ya shirya, a ce Mai Shari'a ya tafi taro. Talaka ya yi ta zirga-zirga daga ƙauye har ƙafarsa ta gaji ya haƙura. Mai ƙarfi ya samu biyan bukata, shi kuma alƙali takardunsa fes, ba hukuncinsa ko ɗaya da kotun gaba ta soke. Yaya za a soke abin da ba a yanke ba?

Da wannan ya samu shiga wurin manya. Ana gayyatarsa ɗaurin aure, ana zaunar da shi a sahun gaba. Da Babban Jojin jiha ya kusa ajiye aiki, sunansa na cikin waɗanda ake ambata. Kujerar nan ta shige masa rai, da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Ana cikin haka, a can ƙauyensu akwai wani babban dillalin albasa, Alhaji Mode, mai baki a wurin masu mulki. Ya saye fadamun da ke kewaye da ta Yusha'u, saura ita kaɗai, ita ce kuma ta fi kusa da ruwa. Ya nema, Yusha'u ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya aiko manya, Yusha'u ya ba su haƙuri.

Rannan sai wuta ta kama rudun Alhaji, wato rumfunan kara da ake adana albasa a ciki kafin ta yi tsada. Ba wanda ya ga wanda ya sa wutar. Wasu ma sun ce yaransa ne suka gasa kifi kusa da wurin. Amma Alhaji ya nuna Yusha'u, aka zo aka tafi da shi, aka kai shi gidan yari jiran shari'a. Damina ta ƙare, ga irin albasarsa ya isa dashe.

Matarsa Mashkura ta yi fafutuka ta samo wani lauya, ya shigar da neman beli a babbar kotu. Ikon Allah, takardar ta faɗa gaban Talle.

Dokar aikinsu a fili take. In shari'ar ɗan uwanka ta zo gabanka, sai ka faɗi dalili ka sauka, a ba wani alƙali. Talle ya san wannan sarai, shi yake koya wa ƙananan alƙalai. Ya kuma karanta takardun ya ga ba shaida ko ɗaya. Duk alƙalin da aka miƙa wa, a zaman farko zai ba da beli.

Kafin ya yanke shawara, Alhaji Mode ya zo gaishe shi. Bai kawo komai ba, don ya san halinsa. Bayan an gaisa ya gyara babbar riga ya ce:

"Ranka shi daɗe, ni ban ce ka ɗaure kowa ba. Wa ni in koya maka aikinka? Ka dai riƙe maganar ga hannunka har a wuce dashe. In ka sauka, sai ka hwaɗi dalili gaban lauyoyi, birni dut ta ji nonon da kas sha. In ka sake shi, a ce ɗan uwanka kas saki, ga shi ko ana batun kujera. Ni kuwa ka san waɗanda nika cin tuwo da su."

Talle ya miƙe. Ya raka shi har mota. Yana dawowa yana gaya wa zuciyarsa cewa ai ba ɗauri ba ne, ɗan jinkiri ne, da an naɗa shi zai sallami Yusha'u har ya yi masa alheri.

Shi kuwa lauyan da ya ji tarihin a bakin Mashkura, ya je gidan yari ya ce wa Yusha'u zai tashi a kotu ya nemi alƙali ya sauka. Yusha'u ya riƙe masa hannu ya ce:

"A'a, Malam, kada ka tona mashi asiri cikin mutane. Ɗan uwana na, nono guda munka sha. Allah na ya kai ni hannunai. Ya san abin da shika yi, ka bar shi."

Inna Ma'u ma haka ta ce. Da ta ji wanda shari'ar ke gabansa, har guɗa ta yi, ta ce Yusha'u ya kusa dawowa gida. Kun ji mutanen kirki, ya 'yan uwa. Suna rufa wa mutum asiri, shi yana gina musu rami. Da sun bar lauyan ya yi magana, da wani alƙali ya sake shi tun kafin irin albasa ya tsufa.

Ranar zaman farko aka shigo da Yusha'u da ankwa. Ya ɗaga kai ya dubi ɗan uwansa a can sama cikin jar riga, ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai don kada a gane. Talle bai dube shi ba. Ya juya takardu, ya ce kotu na bukatar lokaci, ya ɗage zama.

Aka wuce dashe. Irin albasa ya bushe a inda aka yafa shi. Aka sake zama, aka sake ɗagewa. Maƙwabta suka yi ta ban ruwa, gonakinsu suka yi kore shar, ta Yusha'u na nan fayau. Mashkura ta sayar da injin ban ruwa don a ci abinci a kuma riƙa zuwa birni.

Yusha'u dama yana da ciwon ƙirji. Kwanan siminti da cunkoso suka tayar masa da shi. Lauya ya kawo shaidar likita, ya roƙi kotu ta dubi rai. Talle ya ce za a duba a zama na gaba. A ransa yana cewa saura kaɗan, ai an kusa fitar da sunan sabon Babban Joji.

Da abin ya ishi Inna Ma'u, ta sa aka ɗora ta a mota ta zo birni. Ta zauna a ƙofar gidan Talle tun hantsi har ya dawo daga aiki. Da motar ta tsaya ta dogara sanda ta matso, ya ɗan sauke gilashi.

"Talle, ni ta, Ma'u. Ban zo roƙon komi ba sai Yusha'u. Kai ka san ba shi ƙona abin mutum. Ƙirjinai ba lahiya, wurin ga na kashe shi. Ka dubi Allah, ɗana."

Direba na ji, ɗan sanda na ji. Talle ya ji sunan nan ya sauka a kunnensa kamar mari. Ya ce:

"Baiwar Allah, nan ba wurin maganar shari'a ba ne. Doka ta hana. Ki koma gida, kotu za ta yi aikinta."

Ya ɗage gilashi, aka buɗe masa ƙofa ya shige.

Baiwar Allah! Matar da ta tsame ka daga bakin kabari, yau ita ce baiwar Allah? Kuma ka tuna da doka a bakin ƙofa, ka manta da ita a kan kujera? Wallahi akwai masu ilimin da jahili ya fi su tsoron Allah.

Da zafi ya shigo, ana cire albasa a fadama, Yusha'u ya cika a gidan yari. Ba uwa a kusa, ba mata, ba ɗa. Wani ɗan fursuna ne ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ranar da aka kira shari'ar, gandiroba ya miƙe ya sanar da kotu cewa wanda ake tuhuma ya rasu. Talle ya ɗauki alƙalami. Ya daure ya rubuta cewa an rufe shari'a, ya ce a kira ta gaba.

Ko gaisuwar mutuwa bai je ba. Mashkura kuwa da marayu suka rasa yadda za su yi, fadama ta koma hannun Alhaji Mode.

Bayan an share makoki, wata safiya Talle ya iso harabar kotu. Wuri cike da lauyoyi da masu ƙara. Yana fitowa daga mota sai ga Inna Ma'u tsaye a gabansa. Ta yar da sanda. Ta yaye mayafi, ta sa hannu cikin riga, ta ɗago nononta da ya riga ya yamushe, ta nuna masa a bainar jama'a.

Kun san ma'anar wannan a ƙasar Hausa. Uwa ba ta ɗaga wa ɗa nono sai ta kai maƙura, kuma duk wanda aka ɗaga wa, mutane kan ja da baya daga gare shi. Maza suka kau da kai suna salati, mata suka ɗora hannu a ka.

"Talle! Dube shi da kyau. Shi na kas sha, kai da wanda kab bari ya mutu. Ban sai maka ba, ban ara maka ba, don Allah na ba ka. To, yau gaban jama'a nika hwaɗi, ban yahe ba. Ban yahe ba! Allah shi isam mani."

Iyaye mata, ban ce ku riƙa yin haka ba. Malamai sun hana uwa ta yi wa ɗanta baki, don bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Amma ku gaya mini, wa ya kai ta ga wannan?

Da a ce a nan ya durƙusa ya kama ƙafarta, da wataƙila labarin ya canza. Amma ya dubi lauyoyi, ya tuna kujera, ya ce da ƙarfi:

"Ban san ta ba. Ku fitar da mahaukaciyar nan."

Aka ja ta waje. Sai dai zamani ya zo da waya a hannun kowa. Kafin azahar hoton ya kai Wurno, ya kai Rabah, ya kai Goronyo, ya wuce har inda bai taɓa zato ba.

Lauyan Yusha'u, da bakinsa ya buɗe yanzu, ya kai ƙorafi gaban hukumar da ke ladabtar da alƙalai. Aka kira Talle aka tambaye shi ko gaskiya ne wannan mata ta shayar da shi. Ya ce sam. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Dattawan ƙauye suka cika mota suka zo, da liman, da mai unguwa, har da ƙanwar ubansa, suka ba da shaida cewa da idonsu suka gani.

Daga nan aka shiga tonon tsofaffin shari'unsa. Aka tarar Yusha'u ba shi ne na farko ba. Ga gwauruwar da ta yi ta bin gadon gida har ta mutu. Ga makiyayan da aka toshe wa burtali, suka gaji da zuwa suka bar ƙasar. Ga 'yan jiran shari'a da suka yi zaman da ya fi hukuncin laifin da ake tuhumarsu da shi. Duk ba wanda ya yanke wa hukuncin zalunci, kuma duk ba wanda ya samu adalci a hannunsa.

Ya buga wa Alhaji Mode waya, ba a ɗauka ba. Da aka tambayi Alhajin, ya ce shi tsakaninsa da Mai Shari'a sai gaisuwa. Kada ku damu da Alhaji, nasa na nan tafe, ba shi ne darasin yau ba.

Aka tuɓe shi daga aiki da wulaƙanci. Kujerar da ya sayar da ɗan uwansa dominta aka ba wani. Aka karɓe mota, aka janye 'yan sanda, aka ce ya fita daga gidan gwamnati. Masu cika masa falo suka ɗauke ƙafa. In ya shiga masallaci sai ka ga an bar masa fili dama da hagu. Surukansa suka aiko aka tafi da 'yarsu, suka ce ba su iya haɗa zuri'a da wanda uwa ta ɗaga wa nono.

Ya rame, ya yi baƙi, abinci ba ya shiga. Ba rashin kujera ne ya fi cinsa ba. Murmushin nan da Yusha'u ya yi masa ranar zaman farko, shi ne ya ƙi barin idonsa.

Daga ƙarshe ya je wurin wani malami ya fashe da kuka, ya ce yana son tuba. Malamin ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take, Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa. Amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Yusha'u ya riga ya tafi, sai a haɗu a can. Saura tsohuwa, ya yi maza tun tana da rai.

Ya shiga motar haya zuwa Goronyo, ya hau kabu-kabu zuwa ƙauye. Mutumin da ake share wa hanya da jiniya, yau ga shi a bayan babur, ƙura ta rufe masa ido. Ya wuce majalisar dattawa ya yi sallama, aka amsa a daƙile, ba wanda ya matsa masa a tabarma.

A ƙofar gida ya tarar da Mashkura. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce:

"Shiga. Amma abin da kaz zo nema ba ka samu nai."

Ashe tun ranar da aka ja ta daga harabar kotu, hankalin Inna Ma'u ya fara gushewa. Ta manta an yi jana'iza. A wurinta Yusha'u na nan gidan yari, kullum tana zaune tana fuskantar ƙofa, tana jiran a sako shi.

Talle ya yi sallama ya durƙusa a gabanta. Ta ɗago kai, idanunta duk yana, ta laluba fuskarsa da hannu biyu. Sai ta saki kuka na murna.

"Yusha'u! Sun sako ka? Alhamdu lillahi! Wayyo ɗana, ka rame. Mashkura, kawo mashi hura!"

Ya kifa kai a ƙafarta yana kuka, yana cewa:

"Inna, ba Yusha'u na ba. Ni na, Talle. Na zo ki yahe mani, don girman Allah."

Ta toshe masa baki da tafin hannu.

"Kul! Kada ka ƙara kiran sunan ga cikin gidan ga. Kai mi kay yi mani da zan yahe maka? Kai dai Allah shi yi maka albarka. Shi ko wancan da yar riƙe ka, ko na mutu ban yahe ba."

Ya rantse mata, ya kira sunan ubansa, ya tuna mata kukan jaririn da ta ɗauka. Ba abin da ya shiga. Ta kama hannayensa biyu ta ɗaga su sama tare da nata.

"Ya Allah, Talle ya ci amanata. Kada ka ba shi sanyi duniya, kada ka ba shi lahira. Ce amin, Yusha'u."

Ta jijjiga hannayen, hawaye na zuba.

"Ba ka cewa amin? Ko har yanzu kana kare shi? Ce amin, in ni na haihe ka!"

Numfashinta ya fara sarƙewa. Mashkura na tsaye da ƙwaryar fura tana kallo. Mutumin nan ya duba dama, ya duba hagu, ba mai cetonsa. Da bakinsa ya ce amin.

Ya koma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ko Allah zai sa ta gane shi. Duk zuwan da zai yi, haka take tarbarsa da sunan wanda ya mutu, ta sa masa albarka, sannan ta ɗaga hannayensa ta tsine wa Talle. Wadda za ta yafe tana raye, yana ganinta, yana taɓa ta, amma ba hanyar da roƙonsa zai kai gare ta.

Ya 'yan uwa, wannan shi ne ƙarshen mai tsabtar hannu. An gaya mana alƙalai kashi uku ne, biyu suna wuta. Ɗaya daga cikin biyun shi ne wanda ya san gaskiya ya kauce mata. Ba a ce sai ya karɓi kuɗi ba. Kwaɗayin kujera cin hanci ne. Tsoron manya cin hanci ne. Jinkirta haƙƙin mai haƙƙi da gangan zalunci ne tsagwaronsa, ko da ba ka ɗaure kowa ba.

Kada wani ya ce ai ni ba alƙali ba ne. Kai mai unguwa da ka danne rabon gado, da kai nake. Kai ɗan sanda da ka kulle ɗan mutane kana cewa oga bai zo ba, da kai nake. Kai ma'aikacin da ke ce wa tsoho je ka dawo, je ka dawo, alhali sa hannu kawai ya rage, da kai nake. Kai kuma da ka yi boko ka samu ɗaukaka kake ɓoye waɗanda suka raine ka, me za ka ce wa Allah?

Ku ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ba shamaki tsakaninta da Ubangiji. Wanda ya san yana riƙe da haƙƙin wani, ya sake shi yau. Wanda ya san akwai mai kuka da shi, ya je ya nemi yafiya yau, tun mai yafewar yana iya gane fuskarsa.

Ya Allah, ka jiƙan waɗanda suka mutu suna jiran adalci. Ka ba alƙalanmu tsoronka fiye da tsoron mutane. Kada ka sa haƙƙin kowa a wuyanmu, kada ka sa iyayenmu su yi kuka da mu. Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu nemi gafara mu rasa mai ba mu. Amin.